Ranar Da Odile Ta Ga Kare Ya Yi Ƙiba

A gaban dangi, bayan an taso daga coci, Celestine ta watsar da romon da Odile ta dafa.

"Wannan ruwan wanki kike ba ubana? Ku dubi yadda ya rame! An tsince ki marainiya, yanzu kin fi ni a wurinsa, ko?"

Odile ta durƙusa tana tsince fasasshen kwano, hawaye na zuba. Kawu Ulysse, mahaifin Celestine, shi ne ya riƙe ta tun iyayenta suka rasu. Shekara da shekaru yana fama da ƙwannafi, ita ta hana shi yaji, ta ɗaga masa kan gado da bulo, tana roƙonsa ya ga likita. Shi kuwa bakinsa ba ya rabo da "Odile tawa", kalmar da ke ci wa 'yar cikinsa rai kamar garwashi. Ranar aka kore ta, tsoho ya sunkuyar da kai. Wayyo maraici... ta koma ɗakin haya a garin Lafayette, ta kira waya a katse, ta aika gaisuwa a ƙi isarwa, kullum addu'arta Allah Ya tsare mata shi.

Da aka yi taron dangi na bazara ta daure ta je.

"Zo ki gani," in ji Celestine tana yatsina. "Miyar gumbo mai barkono, da tsiran alade, tas Baba yake cinyewa tun da kika tafi."

Kwanon tas yake kuwa. Amma wuyan rigar Kawu ya yi masa yawa, kuma karen Celestine da Odile ta bari ƙashi da fata ya yi ɓul-ɓul a ƙarƙashin tebur. Odile ta matsa kusa da shi.

"Kawu... wa ke cin naman nan?"

Idonsa ya ciko. "Ba ya wucewa, 'yata. Nan yake tsayawa." Ya dafa ƙirji. "Na ji tsoron in faɗa, sai nake miƙa wa kare."

Ana zaginta ta saka shi a mota. Likita ya zura na'ura, ya ce tsamin cikin da ya daɗe yana tasowa ya ƙone hanyar abinci har wurin ya zama ciwon daji, amma an zo da sauran dama, za a iya yankewa.

Bayan aikin, Celestine ta shigo ɗakin asibitin da furanni tana kuka, dangi suka kau da kai. Ta ɗauki cokali za ta ba shi romo, ya rufe baki.

"Wata da watanni kina kallon kwanona, ba ki taɓa kallona ba," ya ce a hankali. "Ba Odile cokalin. Ke je ki gida, karenki na jin yunwa."