Ƙofar Ɗaki na Tara

Ana gab da kiran magariba, Rauhiyya na kaɗa miyar lalo a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo kusa da ƙafarta. Ta duƙa ta ɗauka. Gutsuren bulo ne mai ruwan ɗorawa, irin wanda babu shi ko'ina a unguwar sai a tsohon asibitin masu taɓin hankali da ke bayan katangarsu. Kafin ta miƙe, wani ya sake faɗowa. Ta ɗaga kai, babu kowa a kan soro.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin jinya a asibitin nan na gefen Alƙahira. Tun zamanin Turawa aka gina shi, ofis a tsakiya, ɗakuna sun miƙe hagu da dama kamar fikafikan shaho, maza a dama, mata a hagu. Gwargwadon tsananin ciwon mutum, gwargwadon nisan ɗakinsa da ƙofar shiga. Rauhiyya a na ƙarshe ta yi aiki, Ɗaki na Tara. A bana aka fara rushe ɓangaren, mijinta Gharib magini ya ɗauko ƙofar ɗakin daga cikin ɓaraguzai, ya kafa wa 'yarsu Nagwa.

"Katako ne na gaske," in ji shi. "In na kankare na shafa fenti, ko gidan minista sai haka."

Kwana huɗu ana jifa. A na biyar, da rana ta yi ja, suka tarar da Nagwa, malamar makaranta mai yawan dariya, zaune a jikin ƙofar tana jero sunayen mata da muryar tsohuwa. Likita ya duba, bai ga komai ba. Maƙwabta suka ce a tsallaka da ita katanga kawai, a kai ta asibitin.

"Na san ciwo, na san wanda ba ciwo ba," Rauhiyya ta ce. "Wanda ya taɓa 'yata sai ya fara bi ta kaina."

Washegari bayan la'asar aka kira Shaihu Dasuƙi mai ruƙiyya, tsoho mai ido ɗaya. Ya zauna ya fara karatu. Gidan ya yi tsit, har tsuntsaye suka daina kuka. Can Nagwa ta ɗago.

"Sassauta murya, malam. Na girmi kakanka."

"Wace ce ke, me kika zo nema?"

"Ina nan aka zuba harsashin ɗakin da suka rushe. Juya ƙofar nan ka gani."

Gharib ya juya ta zuwa haske. Cikinta duk zane ne na bakin cokali: sunayen matan da danginsu suka kawo, suka tafi ba su waiwayo ba.

"Wannan sakaran zai kankare su," muryar ta ce. "A tsayar da rusau, ko in zauna a jikin yarinyar nan har ta yi furfura."

"Waɗannan talakawa ne, ba su da iko da rusau. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Ba zan fita ba!"

Sai Rauhiyya ta ture mijinta ta durƙusa gaban 'yarta.

"Ke, dube ni! Ni ce Rauhiyya ta Ɗaki na Tara. Wa ya riƙa taje wa matan nan kai? Wa ya wanke gawarsu? Kin ga yadda ake ɗauke mace daga rayuwarta a kulle, shi ne za ki yi wa 'yata? To ke da danginsu duk ɗaya ne!"

Sai muryar ta yi sanyi.

"A mayar da ƙofar cikin asibitin. Kada fenti ya taɓa ta."

"Ni zan kai ta," in ji Rauhiyya. "Ba don tsoronki ba, don su."

Shaihu ya sa muryar ta yi rantsuwa za ta fita. Nagwa ta yi atishawa, ta faɗa jikin uwarta tana tambayar me ya tara mutane.

Washegari shugaban asibitin ya ce ba ya karɓar tarkace. Rauhiyya ta jingina ƙofar a bakin titi, gaban mashiga, ta zauna tana karanta sunayen da ƙarfi. Masu gadi suka kore ta, ta dawo. A rana ta uku wani tsoho mai sayar da lemo ya tsaya cak da kurarsa.

"Maimaita wancan, baiwar Allah."

"Zakiyya 'yar Mursi, daga Fayum."

Tsohon ya zauna a ƙasa. "Uwata ce. An ce mana ta rasu wajen haihuwata."

Mutane suka taru har titi ya cushe. Kafin azahar shugaban da kansa ya fito, ya sa aka shigar da ƙofar, aka kafa ta a babban zauren asibitin. Tsohon ne ya ɗauki gefe ɗaya, bai yarda kowa ya karɓe shi ba.