Farin Man da Ya Ƙona Kwamfutar Madina

Ranar Litinin da hantsi Madina ta dire kwamfutarta a kan teburin Sufeto Badung, cikinta a buɗe, tana warin ƙonanniyar roba. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Yallabai, sata aka yi min a cikin wannan abin."

Madina mai zanen gine-gine ce, a unguwar Rikkos ta Jos take zaune. Kwamfutar irin ta masu wasan gem ce, mai nauyi, mai fanka biyu, don ita kaɗai ke ɗaukar zanen bene ba ta suma ba. Ranar Laraba ta kai ta kasuwar Dilimi wurin Malam Gwadabe mai gyara, ya share ƙura, ya canza man da ke kwashe zafi daga ƙwaƙwalwarta. Ranar Asabar ta tafi garin Lafiya nuna aikin wata uku ga mai ginin wani otal. Minti ashirin da kunnawa, a gaban mutumin, fanka ta yi kuka, allo ya yi baƙi, hayaƙi ya fito. Mai otal ya ce Allah ya kyauta, ya kira wani mai zanen.

"Mai gyaran da ya buɗe ta a Lafiya ya ce bututun jan ƙarfen da ke janye zafi ba nata ba ne, matacce aka sa," in ji ta. "Cajar ma an musanya min da jabu, rabin ƙarfin tawa."

Badung bai san komai game da kwamfuta ba, amma yana da hanci. Ya ɗaga bututun ya sunsuna. Warin taba ne, tsoho, wanda ya kama ƙarfe. A kan ƙwaƙwalwar kuma an lafta wani farin mai da kauri, har da sawun yatsa a ciki.

"Akwai mai shan taba a gidanku?"

"Allah ya kiyaye."

"Wa ke taɓa ta bayan ke?"

"Ƙanena, Abdulfatah. In na juya baya."

Kafin Badung ya isa Dilimi, kasuwa ta riga ta yanke hukuncinta. Madina ta biya ta can tun da safe, ta yi maganar da za ta yi da babbar murya, ƙungiyar masu gyara kuma ta maƙala wa shagon Gwadabe kwaɗonta. Ranar Alhamis za su zauna. In ba a wanke shi ba, ya bar layin ke nan har abada. Haka mutanenmu suke. Shekara ashirin da biyu mutum yana buɗe kayan jama'a ba a taɓa neman ko sukuru ɗaya an rasa ba, amma safiya ɗaya ta ishe su su manta.

Badung ya sami Gwadabe zaune a kan benci a gaban rufaffen shagon, dattijo mai furfura a gemu, hannuwansa a kan gwiwa. Maƙwabcinsa Alimi, mai gyaran amfilifaya da inbata, ya ajiye masa shayi a gefe, yana ba shi baki.

Badung ya nuna masa kwamfutar. Gwadabe ya duba farin man, fuskarsa ta ɓaci kamar an zage shi.

"Yallabai, ko barci nake yi ba zan shafa wannan ba. Wannan man rediyo ne. Nawa ruwan toka ne, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar shinkafa, in baje shi da guntun kati har sai ya kusa ɓacewa. Wa ke shafa wa kwamfuta mai da yatsa?"

"Su wa ke amfani da farin?"

"Rabin layin nan. Duk mai gyaran rediyo da talabijin yana da gwangwaninsa."

"Ta bar hannunka kafin ka ba ta?"

"Da hannuna na rufe, da hannuna na miƙa mata."

Wannan maganar ita ce igiyar da ya ɗaura wa wuyansa, shi kuma da alfahari ya faɗe ta.

Washegari Badung ya je Rikkos ya zaunar da Abdulfatah. Matashi ne ɗan jami'a, idonsa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

"Ka buɗe ta?"

"Wallahi ban iya ba, Oga. Ko sukundireban da ke kwance ta ban da shi."

"Ka kunna ta?"

Ya dubi ƙofar ɗakin yayarsa. "Ranar Alhamis, da ta je kasuwa. Gem ɗaya kawai."

"Ya ta yi?"

"Tana ta sarƙewa. Fanka tana ihu, wurin sa hannu ya yi zafi, batir kuma yana sauka alhali caja na jone. Na tsorata na kashe. Na ɗauka ni na ɓata ta, shi ya sa na yi shiru."

Madina tana bayan labule tana ji. Abin da ta gaya wa ƙanen bayan fitar Badung ba na rubutawa ba ne. Shi dai Badung ya samu abu biyu. Wanda ya sace kaya ba zai kawo shaidar da za ta ja masa zagi da bakinsa ba. Kuma tun da ciwon yana nan ranar Alhamis, mai gyaran Lafiya ya fita. Sata ranar Laraba aka yi ta, a Dilimi. Komai ya koma kan Gwadabe, kuma wannan bai yi wa Badung daɗi ba.

Ranar Laraba ya sa sakataren ƙungiya ya buɗe shagon na awa ɗaya. Ya aro wata kwamfutar gem a layin, ya ce wa Gwadabe, "Malam, yi min aikin nan a gabana, daga farko har ƙarshe, yadda ka yi wa tata."

Gwadabe ya kwance sukurori takwas ya jera su bisa lamba. Ya goge tsohon mai da auduga da sifirit, ya ɗiga sabo, ya baje da kati, ya ɗaure. Sai ya ɗauki kwamfutar da cajarta ya nufi ƙofa.

"Ina za ka?"

"Gwaji. Sai ta yi awa uku tana aiki mai nauyi kafin in ba mai ita."

"A ina?"

"Nan, wurin Alimi. Wutar layinmu ba ta zama, in ta zo ma sai ta yi ta hawa da sauka, tana kashe caja. Shi yana da sola da inbata."

"Ka ce ba ta bar hannunka ba."

Gwadabe ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Yallabai, shagon Alimi ai hannuna ne. Kwano ɗaya muke ci tun kafin a haifi 'ya'yanmu."

Alimi ya fita sayo kaya. Badung ya ce a gwada a nan, tun da an kawo wuta. Suka zauna. Bayan minti talatin Badung ya ɗora tafinsa a gefen da iska ke fita, ya janye.

"Da zafi. Aikinka bai yi ba ke nan?"

"Ya yi. Zafin da ka ji a waje shi ne wanda aka fitar daga ciki. In ba ka ji shi ba, a nan ne matsala."

"Waccan Larabar da ka koma ɗauko kwamfutar Madina, ka taɓa ta?"

"Na taɓa."

"Ya ka ji ta?"

"Sanyi ƙalau. Har na ce wa Alimi, ka ga aiki, awa uku kamar ba a..."

Bai ƙarasa ba. Ruwa aka yi waccan ranar, garin da sanyi irin na Jos, kuma dattijon ya ji abin da yake son ji game da hannunsa.

"A'a," in ji Gwadabe can. "Wataƙila inbatan ce ta ɗauke."

"Wataƙila. Wa kuma ke da irin wannan kwamfutar, a wurin da ake shan taba?"

Da ƙyar amsar ta fito. "Obum, mai shagon gem a Laranto. Watan jiya ya kawo tasa, bututun ya mutu, cajar ta ƙone. Na ce masa babu irinsu a Jos, sai an yi odar waje, ya jira mako shida."

"Wa ke nan da kuka yi maganar?"

Gwadabe ya juya ya dubi bangon da ya raba shagonsa da na Alimi.

Shagon Obum ɗaki ne mai duhu a bayan tasha, hayaƙin taba ya rina silin. Kwamfutarsa tana kan babban tebur, samari sun kewaye ta, tana gudu lafiya lau. Badung ya ɗaga cajar. Nauyinta ya ninka na wadda ke jakar Madina, kuma a ƙasanta akwai ɗigon jan farce, alamar da Madina ta ce tana yi wa kayanta saboda ƙanenta.

"Oga, abeg, ni ba na sata," in ji Obum da gurguwar Hausarsa. "Ina da gasa ran Asabar. Mutumin ta zo ta ce ta samu kaya na Beljiyam. Ta kwance nawa ta tafi da shi, ta dawo da wannan."

"Wane mutum?"

"Mai inbata. Na kusa da Baba Gwadabe."

Ranar Alhamis ofishin ƙungiya ya cika har bakin ƙofa. Badung ya jera bututu biyu da caja biyu a kan tebur, da gwangwanin farin mai da ya ɗauko a shagon Alimi. Bai ɗaga murya ba.

"Wanda ya yi aikin nan ya iya kwance na'ura, amma bai san kwamfuta ba. Ya lafta mai da yatsa yadda ake lafta wa amfilifaya, don a can yawa ba ya cutarwa. A nan kauri toshe hanyar zafi yake yi. Yana buƙatar awa biyu shi kaɗai da ita, kuma awa uku aka ba shi. Kwamfutar da ta yi awa uku tana gwaji da ɗumi ake ɗaukar ta. Wannan da sanyi aka ɗauke ta, don a buɗe ta wuni, ba a kunne ba. Sauran bayanin Obum ya yi shi, ga shi nan a tsaye."

Alimi ya ɗan yi musu, ba da ƙarfi ba. Da aka ce ya nuna inda ya sayo kayan gwanjon Beljiyam ɗin, sai ya zauna.

"Na gwada ta," in ji shi. "Minti goma na kunna ta, lafiya lau."

"A Jos, ranar ruwa, ba ka buɗe komai a cikinta ba," in ji Badung. "Ita kuma Lafiya ta kai ta, da tsakar rana."

"Na ɗauka rubuce-rubuce take yi da ita. Mace ce. Na ce shekara za ta yi ba ta gane ba."

Madina ta yi wata dariya marar daɗi. "Shi ke nan? Wata uku na aikina, don ka ɗauka?"

Gwadabe ne ya yi tambayar ƙarshe. "Me na yi maka, Alimi?"

"Ba ka yi min komai ba. Shekara nawa ana wuce ƙofata ana shiga taka? Wa ke kawo amfilifaya yanzu? Da wutata kake gwaji, kai ake kira gwani."

Shugaban ƙungiya ya miƙe ya ce ai dama su sun san Malam Gwadabe ba zai aikata ba. Kowa ya gyaɗa kai, har waɗanda suka riƙe kwaɗon ranar Litinin. Madina ta tattara kayanta. A bakin ƙofa ta tsaya gaban dattijon.

"Baba, ka yafe min abin da na faɗa. Ba kai ka sata ba." Ta gyara jakarta. "Amma kai na ba wa, ba maƙwabcinka ba. Ba zan sake kawowa ba."

Gwadabe ya matsa gefe ya ba ta hanya.

Da ɗan sanda ya kama hannun Alimi, Gwadabe ya bi Badung waje, yana jan ƙafa.

"Yallabai, a bar maganar nan a kasuwa. Zan yi wa yarinyar aikin da zan iya, shi kuma a bar shi da kunyarsa. Yana da iyali. Sharrin zuciya ne na rana ɗaya."

Badung bai kai ga amsawa ba sakataren ƙungiya ya iso da mukulli da wata takarda.

"Malam, ga mukullinka. Wannan kuma takardar neman korarka ce, da aka zagaya da ita ranar Talata. Shugaba ya ce a ba ka ka yaga da hannunka, magana ta wuce."

Gwadabe ya zaro tabarau ya saka. Mutum goma sha huɗu ne suka sa hannu. Ya san kowane suna, ya je sunan 'ya'yan wasu, ya je jana'izar iyayen wasu. Na farko a jerin, da rubutun da ya fi sanin kamarsa a duniya, Alimi ne.

"Wa ya rubuta ta?" ya tambaya.

Sakataren ya sosa ƙeya. "Shi ya kawo shawarar. Ya ce duk da amininsa ne, mutuncin layi ya fi."

Ranar Talata. Ranar da Alimi ya sayo masa tuwo, ya zauna kusa da shi a benci yana cewa ya ci ko loma biyu ce.

Gwadabe bai yaga takardar ba. Ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa, ya sa a aljihun gaba. Badung yana tsaye yana jiran sa.

"Malam, kana cewa a bar maganar a kasuwa."

"Ku tafi da shi, Yallabai," in ji Gwadabe. "Ranar kotu a gaya min, zan zo."