Hanyar Bayan Liba

Rana tsaka 'yan fashi suka tare motar 'yan albasa tsakanin Aliero da Jega. Harbi ɗaya—taya ta fashe, buhuna suka zube a kwalta.

"Kowa ya kwanta!" in ji Gudiya, shugabansu. "Wanda yat tada kai shi ya sani."

Direban ya ɗaga hannu yana salati. Hakan bai hana a fasa masa baki da gindin bindiga ba.

Isiyaku bai taɓa kowa ba. Tsohon mafarauci ne, aikinsa ya fid da su ta daji. Da ya hau babur bayan Gudiya, sai ya ga wani abu rawaya rataye a wuyan ogan, kamar tsohuwar waya mai kauri.

"Oga, mine ne wanga?"

"Na'urar masu yawon daji. Da tauraron ɗan'adam take magana. Duk inda munka bi tana jan zare, gobe ko ba kai sai ta maishe mu." Ya yi dariya. "Nuna hanya, tsoho."

Isiyaku ya ƙura wa na'urar ido. Hanyar tsira ɗaya ce, ta bayan ƙauyen Liba, kuma ta gefen gidan ƙanwarsa Amatullahi ta ratsa. Kansa dai ya riga ya sayar. Amma in na'urar nan ta haddace hanyar, waɗannan mutane za su riƙa bi ta ƙofarta har abada, da yunwarsu, da idanunsu.

Can a kwalta, Sufeto Nuraddeen ya durƙusa gaban direban. "Ina sunka yi?" Direban, bakinsa na jini, ya nuna kudu da hannu. Motar 'yan sanda ta bi sawun babura.

A mararraba Isiyaku ya ce, "Hagu."

Hagu fadama ce, an sha ruwa shekaranjiya. Babur na farko ya lume, na biyu ya kife. Jiniya ta soma tasowa daga baya.

Gudiya ya latsa na'urar, ya daɗe yana duba. Muryarsa ta yi sanyi.

"Jiya ba nan kab bi ba."

"Jiya?"

"Da na aike ka duba hanya, tana cikin jakarka. Hannun dama kay yi. Har ka zauna wani gida ka daɗe. Wa gare ka can?"

Isiyaku ya kama igiyar wuyan da hannu biyu, yana son ya danna abin cikin laka. Igiyar ta ƙi tsinkewa. Gudiya ya ɗora masa bakin bindiga a ciki—ya ja kunama.

"Ku aje makamai!" in ji Sufeton daga bakin fadama.

Harbi ya kaure. Kafin la'asar gawa uku ce kwance a fadama, har da ta Isiyaku da ta wani kurtun ɗan sanda da bai cika shekara a aiki ba. Gudiya kuwa na cikin ankwa.

Sufeton ya goge laka daga fuskar na'urar. Zare biyu ya gani. Ɗaya ya ƙare nan inda yake tsaye, ɗaya ya lanƙwasa ya tsaya a wani gida bayan Liba.

"Ga maɓoyarsu," ya ce. "Ku cika mota. Duk wanda kunka iske, ku ɗauko shi."

Amatullahi tana tankaɗe a tsakar gida ta ji ƙarar inji. Ta kakkaɓe hannu, ta ce wa mijinta ya leƙa, wataƙila Yaya ne ya dawo. Ita kuwa ta shiga ɗaki ɗebo masa ruwan randa.