Kwamfutar da Ta San Inda Ƙyanda Za Ta

Sufeto Talle bai gama zama a kujerarsa ba Malama Dinah ta faɗo ofis, idonta ya yi ja. An ɗauke mata kwamfuta da rana tsaka a ofishin masu rigakafi na Zuru, ta fita cin abinci.

Ƙyanda ce ta shigo yankin, allurar da aka aiko kuwa ba ta isa kowa ba. Dinah ke yin lissafin: yara nawa suka kamu, kowanne yana shafa wa nawa, wane ƙauye ke cin kasuwar wane. Da haka kwamfutar ke nuna garin da cutar za ta faɗa wa. Gobe ragowar allurar za ta tafi gari ɗaya tak, kuma in babu kwamfutar sai dai a yi canki.

"Ba kya iya sake lissafin a takarda?"

"Kafin in gama cutar ta riga ni, Yallaɓai."

A ofishin rigakafin, wayarta sabuwa fil tana kan tebur, cajar kwamfutar na maƙale a bango. Sufeto ya yi murmushi. Ɓarawon da ya tsallake waya ya bar caja ba kasuwa za shi ba.

Mai gadi, Baba Joel, tsohon soja ne ɗan garin Kanya. Ya ƙame ya sara.

"Ban ga kowa ba, Oga. Ban motsa daga ƙofa ba."

Sai kuma ya karkata wajen Dinah, murya ƙasa-ƙasa. "Madam, ta riga ta faɗi garin?"

Sufeto ya ji, ya yi kamar bai ji ba.

A bakin titi Yari ɗan kabu-kabu yana kwance a kan babur.

"Ranka shi daɗe, yau ko mutum guda ban ɗauka ba."

Sufeto ya taɓa injin, ya janye hannu da sauri. "To babur ɗin zazzaɓi yake yi?"

Yari ya sosa ƙeya. Ya ce ya kai Baba Joel Rikoto da buhun dawa, tsohon kuma ya roƙe shi ya yi shiru. "Ya hana in ɗaure buhun a baya. Rungume shi ya yi kamar jariri, kowane rami sai ya ce in yi sannu."

Sufeto ya ɗauki Baba da Dinah a mota zuwa Rikoto, gidan ƙanwar Baba, aka zazzage buhun a gaban tsohon. Ga kwamfuta a naɗe cikin tsohon bargon soja, ko ƙwarzane babu.

Tsohon bai yi gardama ba.

"Ni ne, Oga. Abar nan ta kira Ribah, yara suka kwanta a Ribah. Duk garin da ta ambata sai ciwo ya bi. Jiya na ji Madam ta ce Kanya na kusa. Jikokina na can. Na ce bari in rufe mata baki."

Dariya ta ƙwace wa Dinah har da hawaye, Sufeto ma ya kasa riƙe tasa.

"Baba, ba kiran ciwon take ba, hango shi take. Kamar ka ga hadari ka ce a kwashe shanya."

Nan take ta ɗora kwamfutar a kan turmi, ta shigar da adadin yau. Ta ɗago fuska a sake.

"Kanya ce. Kuma ciwon bai kai can ba tukuna. Gobe allurar za ta riga shi."

Baba Joel ya zauna daɓas a kan buhun. Farin ciki da kunya suka haɗe masa.

"Da na iya ɓoyo da kyau fa?" ya ce a hankali.



Sufeto ya mayar da ankwar da ya fiddo aljihu, ya kama hannun tsohon. "Mu je caji ofis, Baba. Doka sai ta ji ta bakinka."

Tsohon ya miƙe ya gyara hula. A bakin mota ya waiwayo.

"Madam, jikokin suna gidan bayan coci ne. Ƙaramar, Praise, tana gudun allura. A duba ƙarƙashin rumbu."