Ƙafar Dedo Hamdo

A ƙauyenmu na kan dutse, a ƙasar Bosniya, akwai wata yarinya da ba zan faɗi sunanta ba. Yanzu ta girma, kuma ba na son ta daina gaishe ni. Ni ce Malama Zumra. Ni na koya mata karatu tun tana 'yar mitsitsiya, kafin a rufe makarantarmu saboda rashin yara.

Ƙauyen namu ya koma na tsofaffi. Matasa duk sun tafi Jamus neman aiki. Ɗakin shan magani ma an sa masa kwaɗo, don nas ɗin da ke zuwa mana ita ma ta bi su. Wanda ciwo ya kama sai ya jira motar safe, in ƙanƙara ba ta rufe hanya ba.

Yarinyar tana zaune da mahaifiyarta Mevlida da kakanta Dedo Hamdo. Babanta direban babbar mota ne a ƙasar waje, sai da salla ake ganinsa. Shi Dedo Hamdo ƙudan zuma yake kiwo. Amyoyinsa na can saman tudu, kullum sai ya hau ya duba su. Yana da ciwon suga, kuma ba ya jin magana.

Da yarinyar ta gama sakandare, ta ce digirin jinya za ta yi. Kai, ranar tsofaffi suka yi murna! Kowa na cewa Allah ya ba mu tamu.

Makarantu biyu ne a gabanta. Ɗaya jami'ar gwamnati ce a birni, tsohuwa, a jikin babban asibiti. Ɗayar sabuwa ce, ta kuɗi, a wani gari da ke bakin babbar hanya.

Wata rana ta shigo gidana da gudu, tana miƙo mini waya.

"Malama, dubi sabuwar! Kalli gilasai! Kalli kujeru!"

Na ce, "Na ga gilasai. Ina marasa lafiya?"

"Waɗanne marasa lafiya kuma?"

"Waɗanda za ki koyi aikin a jikinsu. Makarantar tana da asibiti?"

"Suna da mutum-mutumin roba, Malama. Har numfashi yake yi."

"Yana wari? Yana kuka? Yana ɓoye miki ciwonsa kamar kakanki?"

Ta yi dariya. Ta ce, "Ƙawata Belkisa can take. Ta ce babu jarrabawar shiga. Ran Asabar kawai ake zuwa, sauran karatun a waya ne."

"Ta gwamnatin fa?"

Ta yatsine fuska. "Can sai an yi jarrabawa mai wuya. Kuma tun shekarar farko ake sa ɗalibai wanke tsofaffi da kwashe fitsari. Ni digiri nake nema, ba wanki ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "'Yar nan, kafin ki zaɓa, je ki ga wuraren da idonki. Nemi nas ko guda ɗaya ki tambaye ta. Matambayi ba ya ɓata."

Ta ce, "Malama, ai zamani ya canza."

Wallahi babu maganar da na tsana irin wannan. Na sa takalmi na tafi wurin uwarta. Na tarar da ita tana murza ƙullun pita, wani abincinmu na fulawa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Malama Zumra, ki bar ta. Mijina ba ya nan. In ita ma ta tafi birni, wa zan riƙa gani? Ta Asabar ɗin ta fi mini."

Na dawo gida da baƙin ciki.

Ranar farko a sabuwar makaranta aka ba yarinyar farar riga da abin sauraren ƙirji. Da su ta sauko daga mota. Kafin yamma tsofaffin mata sun cika gidansu, kowa na naɗe hannun riga.

"Likitarmu, auna ni!"

"Likitarmu, wannan ƙwayar da safe ake sha ko da yamma?"

Na'urar awon jini ita ke aikinta da kanta, danna ta kawai ake yi. Amma aka ce yarinya ta iya. Wannan ta kawo ƙwai, waccan ta kawo cuku. Kan yarinya ya fara girma. In aka tambaye ta abin da ba ta sani ba, sai ta saci kallon waya, ta amsa da ƙarfi. Ba ta taɓa cewa ba ta sani ba.

Haka aka tafi har ta shiga shekara ta biyu. Littafi kam ta karanta. Amma hannunta bai taɓa taɓa mara lafiya na gaske ba.

Da sanyi ya fara shigowa, Dedo Hamdo ya taka ƙusa a wurin amyoyinsa. Bai gaya wa kowa ba. Sai da Mevlida ta ga jini a safarsa. Ranar ina gidan, mu da maƙwabta muna shan gahawa.

Mevlida ta ce, "Baba, gobe mu bi motar safe zuwa asibiti."

Ya ce, "Asibiti? Ga likita a gida zan je in yi layi? Zo nan, jikalle, nuna musu."

Mata suka ajiye kofuna suka zuba ido. Yarinyar ta durƙusa ta ɗaga ƙafar. Rami ne a ƙarƙashin yatsu, gefensa ya yi ja.

Ta ce, "Dedo, yana yi maka zafi?"

"Ko kaɗan."

Ta yi ajiyar zuciya. "To ba komai ke nan. Ciwon da ba ya zafi ya kama hanyar warkewa."

Ta shafa aidin. Ta naɗe ƙafar da bandeji tam. Ta ce kada wanda ya kwance sai ya yi mako.

Na ce, "'Yar nan, kin tabbata? Mai ciwon suga ne fa. A kai shi a duba."

Ta kalli matan, ta kalle ni. Ta ce, "Malama, aikina ne."

Dedo Hamdo ya kwashe da dariya. "Malama Zumra, ke alli kika sani. Bar masu aiki su yi aiki."

Kowa ya yi dariya, har ita.

Kafin makon ya cika, ɗakin Dedo Hamdo ya fara wari. Zazzaɓi ya rufe shi, yana ta sambatu. Mevlida ta kwance bandejin, ta kwala ihu. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin. Ƙafar ta kumbura har idon sawu.

Ga shi ƙanƙara ta sauka, mota ba ta hawo ba. A bayan tarakta aka kwantar da shi cikin barguna, aka gangara da shi bakin babbar hanya. Daga nan motar asibiti ta ɗauke mu zuwa birni, shi da Mevlida da yarinyar da ni.

Likita ya daɗe yana duba ƙafar. Ya ce, "Yatsun nan biyu sun tafi, yau za mu cire su. In ruɓar ta tsaya, to. In ta ci gaba da hawa, daga gwiwa za mu yanke."

Babbar nas ɗin ɗakin, Sista Fadila, ta ɗaga bandejin da aka cire. Ta ce, "Wa ya ɗaure wannan?"

Can yarinyar ta ce, "Ni ce."

Mevlida ta yi saurin cewa, "Ɗalibar jinya ce, Sista. Tana shekara ta biyu."

Sista Fadila ta dube ta sama da ƙasa. Ba ta yi tsawa ba, da ma tsawar ta yi. Ta ce, "Ba wanda ya nuna miki cewa ƙafar mai ciwon suga ba ta jin zafi? Rashin zafin shi ne haɗarin. Irin wannan ciwo kullum ake buɗe shi a duba. Ke kuma kika rufe shi ya ruɓe."



Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Aka cire yatsun, zazzaɓi bai sauka ba. Kowace safiya likita zai zo ya duba ko jan ya ƙara hawa. Zai girgiza kai ya ce a ƙara jira.

Dedo Hamdo ya juya fuska bango. Ya daina wasa, ya daina cin abinci. Ya ce, "In za su yanke, ku mai da ni gida in mutu da ƙafata. Gurgu zai hau tudu? Wa zai duba mini ƙudan?"

Mevlida sai kuka. Tana cewa, "Ni ce. Ni na hana ta zuwa birni." A ƙauye kuwa, bakin da ya ce likitarmu shi ya koma cewa 'yar ƙarya. Mutane ke nan!

Yarinyar ta rame, idanunta suka faɗa. Ta ƙi shiga ɗakin kakanta. A benci take wuni a bakin ƙofa. Na zauna kusa da ita, na miƙa mata burodi, ta ture.

Ta ce, "Malama, na gama. Na cuce shi. Fiye da shekara ina sa farar riga, ashe ban san komai ba. Zan bar jinya. Zan tafi Jamus in yi shara, ko ba komai shara ba ta kashe mutum."

Na so in ce ai na gaya miki. Maganar har ta zo bakina, na haɗiye. Na ce, "Gudu ba zai mayar masa da yatsu ba. Zauna ki buɗe ido."

A wannan asibitin ne ɗaliban jami'ar gwamnati ke koyon aiki. Rigunansu duk sun koɗe. Suna juya tsofaffi a gado, suna wanke su, suna kwashe tasa. Muna zaune sai wani ɗalibi ya fito da sauri, ya tare Sista Fadila a gabanmu.

Ya ce, "Sista, ban san wannan ciwon ba. Don Allah zo ki nuna mini."

Ta ce, "Madalla da ka tambaya. Mu je."

Yarinyar ta bi su da kallo. Ta ce, "Malama, ya ce bai sani ba. A gaban mutane. Kuma ba wanda ya yi masa dariya."

Na ce, "Ai don bai sani ba ya zo makaranta."

Da Sista Fadila ta fito, yarinyar ta miƙe ta sha gabanta, hawaye na zuba.

"Sista, ban san komai ba. Ki nuna mini yadda ake wanke ƙafar kakana."

Sista Fadila ta ce, "Ba zan bar ki ki taɓa ciwon ba. Amma kina iya riƙe tasa. Akwai wari fa."

"Zan riƙe."

Ta riƙe kuwa. Ranar farko sai da ta fita ta yi amai, ta wanke baki ta dawo. Kullum da safe tana tsaye da tasa, tana kallo, tana tambaya. Ita ke ba Dedo Hamdo abinci a baki. In ya ƙi, ta ce ita ma ba za ta ci ba. Dole ya buɗe baki.

Wata safiya likita ya duba ƙafar, ya danna nan, ya danna can. Ya ce, "Tsoho, ka ci sa'a. Ruɓar ta tsaya. Da ƙafarka za ka koma gida."

Mevlida ta zube a ƙasa tana hamdala. Yarinyar ta kifa kai a kan gadon. Ta ce, "Dedo, ka yafe mini." Ya ɗora hannu a kanta, ya ce shi ma da nasa taurin kan.

Da muka koma ƙauye, ba ta sake zuwa makarantar Asabar ba. A teburin gidana ta yi ta karatun jarrabawa har sanyi ya wuce. Uwar da kanta ta ce mata, "Je ki birni. Gara in yi kewarki ki dawo da abin kirki." Ta zauna jarrabawar jami'ar gwamnati, ta ci. Amma daga shekarar farko za ta sake farawa.

Ranar tafiyarta muka raka ta bakin mota. Sai ga Dedo Hamdo yana gangarowa da ƙafarsa, yana ɗingishi, ya ƙi kowa ya riƙe shi. Ya tsaya a gabanta yana haki.

Ya ce, "Jikalle, kowa da abin da yake biyan makaranta da shi. Ni yatsu biyu na biya miki. Saura takwas, kuma ina son abina. Je ki koyo da kyau."

Ta rungume shi tana kuka tana dariya, har direba ya gaji ya danna ham.

Yara, in za ku zaɓi makaranta, kada gilashi ko sauƙi ya ruɗe ku. Ku je ku gani, ku tambayi waɗanda suka san aikin, ku zaɓi inda za ku koya da hannunku. Abin da ba ku sani ba kuma, ku ce ba ku sani ba. Faɗin haka ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ke cutar da mutane.