Ranar da Rediyo Ya Yi Shiru

A bakin ƙofar ɗakin ɗibar jini muka yi faɗan, ƙasa-ƙasa don kada a ji mu. Na ce wa mijina in ya san guduwa zai yi ya faɗa min tun yanzu, in nemi wani. Ya ce yaushe ya taɓa guduwa. Na tuna masa ranar haihuwar jaririnmu, da ranar da aka ɗinke masa yatsa, har aka ƙare da yi masa fifita.

"Sufeto, ki bar tone-tone. Ai ga ni na zo." Sunan da yake kirana ke nan saboda yawan bincikena.

"Tunda aka kwantar da yarinyar nan ka taɓa hawa sama ka gan ta? Anya kana son ta kuwa?"

Ya tura ƙofa ya shiga, na bi shi.

Kurciya muke kiran 'yarmu ta fari, shekararta huɗu. Tana kwance a hawa na sama tare da mahaifiyata da jaririnmu, dasashinta yana tsattsafo da jini, ko kanta ta juya a kan filo sai ka ga ja. Likita ya ce ƙwayoyin da ke tsayar da jini ne suka yi ƙasa a jikinta, na asibitin kuma sun ƙare. Ni an hana ni bayarwa, ban daɗe da haihuwa ba. Gwaji ya nuna na ubanta ya dace.

Nas ta kwantar da shi a doguwar kujera, ta soka masa allura a gwiwar hannu. Ta ce injin zai ja jinin, ya tace abin da ake so cikin jaka, ya mayar masa da sauran.

A shagonsa na aski Rediyo suke ce masa, don ko almakashi ya huta bakinsa ba ya hutawa. Ni ma kullum a gida cikin "don Allah rage murya" nake. Yau ma bai fasa ba. Ya tambayi nas ko injin nan yana mayar da canji daidai, ya ce mata jakar ta yi kama da ruwan wanke-wanke, ya yi wa dattijon da ke kujerar gefe tayin gyaran gemu kyauta. Na san tsoro yake rufewa, na ƙyale shi.

Ina kallon jakar tana taruwa da ruwa rawaya, ina lissafin Kurciya, sai na ankara ɗakin ya yi tsit. Ƙarar inji kawai.

Na juya. Yana lasar leɓe, yana murza babban yatsa a kan sauran yatsun, goshinsa ya jiƙe. Na matsa na tambaye shi, ya ce ba komai. Na ce ya dube ni.

"Leɓɓana..." ya faɗa a hankali. "Kamar kiyashi na yawo a kai. Yatsuna ma. Irin na Baba ne, Sufeto."

Surukina haka ya fara. Yana zaune a shago ya ce leɓensa kamar ba nasa ba, kofi ya suɓuce masa, daga nan ɓarin jikinsa ya shanye. Mijina ne ya yi ta yi masa wanka da aski a gadon asibiti har Allah ya karɓi abinsa. Na san wannan sarai, amma na tsaya a bakin ƙofa ina tambayarsa ko yana son 'yarsa.

Na miƙe zan kira nas, ya riƙo gefen mayafina da hannun da babu allura.

"Kar ki kira ta. Jakar ko rabi ba ta kai ba. In suka kashe injin, Kurciya fa?"

"In kuma irin na Baba ne fa?"

"To ki bari ta cika tukun. Hannu ne kawai..."

Na dubi jakar. Na dubi hannun da yake ciyar da mu. Wallahi na ɗan tsaya, ba zan ɓoye ba, zuciyata ta hau sama wurin filon nan mai ja. Sai na ga in na yi shiru, ko Kurciya ta tashi ba zan iya kallon idonta ba.

Na fizge mayafina. "Sista! Don Allah zo!"

Ta zo da sauri. Ta sa ya yi murmushi, ya ɗaga hannu, ya matse yatsunta. Ta tambaye shi ɓangare ɗaya ne ko duka biyun, ya ce duka. Ta danna wani abu, ƙarar injin ta sassauta, ni kuwa na ɗauka kashewa take yi, hawaye suka zubo min.

Ta ce in zauna, rage gudu kawai ta yi. Akwai magani da injin ke haɗawa da jinin don kada ya daskare a cikin roba, sitiret sunansa. In ya biyo jinin ya koma jiki, yakan riƙe sinadarin kalsiyam na ɗan lokaci, shi ne mutum yake jin kiyashi a leɓe da yatsu, wani har sanyi. Ba shanyewar jiki ba ce, kuma tana wucewa. Ta harare shi ta ce ai tun farko ta gaya masa ya yi magana in ya ji wani abu, yana can yana neman canji. Da ya ci gaba da ɓoyewa har jijiyoyi suka fara ɗaurewa, to da dole ta kashe injin.

Ta ba shi manyan ƙwayoyi farare ya tauna, ta lulluɓa masa bargo. Ya yatsina fuska ya ce alli ne. Na ce lokacin cikin Kurciya da nake kwaɗayin alli, wa ya ce zai kai ni makaranta a ɗaure ni jikin allo? Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya kifa fuska a kafaɗata.

"Ka yafe min, Abban Kurciya," na ce. "Maganar ƙofa."

"Gadon asibitin ne ba na iya gani, masoyiya. Ba ita ba."

Na riƙe yatsunsa ina murzawa har ya ce kiyashin sun fara kwashe kayansu. Jakar ta cika a hankali, nas ta ɗauke ta da hannu biyu.

Da aka sallame shi na nufi ƙofar fita don in raka shi, sai na ga ya tsaya a gindin bene. Ya kama ƙarfen benen, ya fara hawa.

Kurciya ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Abba." Ya zauna a bakin gadon, ya nuna mata audugar hannunsa, ya shiga ba ta labarin yadda ya yi kokawa da injin da ya so cinye masa canji. Muryarsa ta cika ɗakin, mahaifiyata ta yafito ni da ido wai in ce ya rage.

Na gyara wa jaririna kwanciya, na yi kamar ban gani ba.