Yatsun da Suka Yi Shiru

"Gwaggo... hannuna ya sake ƙagewa."

Yatsunta sun lanƙwashe cikin tafinta, leɓɓanta kamar tururuwa na yawo a kai. Tun da aka cire mata ciwon dajin da ke wuyanta abin yake zuwa.

"Sinadarin kalsiyam na jininki ne ya yi ƙasa," in ji nas tana ɗaura ruwa. "Yakan faru bayan irin wannan aikin. Zai saki."

Ita ba ciwon ne ya dame ta ba. Wanda take so kurma ne, da hannu suke hira, duk soyayyarsu a yatsun nan take. Gwaggo kuwa, da tun farko ba ta ƙaunar zancen, ta karɓe mata waya ta jefa a jakarta wai mara lafiya sai hutu.

Gadon kusa da ita kullum cike da dangi ana dariya. Nata sai kujerar roba da Gwaggo mai gyangyaɗi. Kewarsa ta fi ɗinkin wuyanta zafi.

"Ya turo saƙo?" ta tambayi Gwaggo.

"Na rubuta masa ya haƙura. Kin ga, ɗan wana yana nan, mai kunne, mai baki."

"Gwaggo, da sunana?"

"Gata na yi miki, ɗiyata."

Ta juya wa bango fuska, hawaye na gangarawa cikin kunnenta.

Da yamma, Gwaggo ta fita karɓo magani, sai ga masoyin nata a bakin labule, ya rame. Hannunsa ya motsa a hankali.

"Ke kika rubuta? Ki faɗa min da hannunki, zan tafi."

Ta ɗaga hannuwan. Sun ƙi. Muryarta ta dushe, kuma ko ta yi magana ba zai ji ba.

Ya daɗe yana kallon yatsun. Sai ya ja kujerar Gwaggo ya zauna.

"Ba sauri nake ba, masoyiyata."

Ruwan yana ɗiga, yana jira. Gwaggo ta dawo ta yi ta faɗa a bayansa, shi bai ma san tana yi ba.

Can yatsa ɗaya ya saki. Ta kai shi kan kumatunta na hagu, daidai inda nasa yake loɓawa. Sunan da ta raɗa masa ke nan a yaren hannu, ba wanda ke kiransa da shi sai ita.

Ya kife fuskarsa a gefen gadon, kafaɗunsa na girgiza.

Gwaggo ta buɗe jakarta. Ta ajiye wayar a kan filo.